Rumbun CentOS ya fitar da ni kunya, sai dai na sha wuya

Saura kwana biyu a raba wa yara sakamakon jarrabawa, manhajar makarantar da nake kula wa da kwamfutoci ta ƙi fitar da hotunan ɗalibai a jikin kati. Da na duba, ashe php-gd, wato ƙunshin da ke sarrafa hotuna, ne babu a sabar, kwamfutar da manhajar ke aiki a kanta. Na ce ai wannan aikin minti biyar ne. Ina buga yum install, umarnin saukar da manhaja, sai ya ce bai ga mirrorlist.centos.org ba, shafin da ke nuna masa inda zai sauko da kaya. Wallahi na ɗauka data ce ta ƙare, har na sake sayen wata a banza.

Ashe tun 30 ga Yuni 2024 aka daina tallafa wa CentOS 7, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar tamu, aka kwashe kayanta zuwa rumbun ajiya, vault.centos.org. Mu kuwa muna nan daram a kanta, don da harshen kwamfuta na PHP 5.4 aka rubuta manhajar makarantar, wanda ya rubuta ta kuma ya daɗe da daina ɗaga waya.

Na buɗe fayil ɗin CentOS-Base.repo, na kashe layukan mirrorlist, na juya baseurl, wato adireshin saukar da kaya, zuwa rumbun, sigar 7.9.2009. Na yi yum clean all, na sake gwadawa gabana na faɗuwa. Sai ga php-gd yana sauka, daidai da PHP ɗin da ke kan injin, bai taɓa komai ba. Hoton wata 'yar aji uku ne ya fara fitowa, da hijabinta a karkace. Ban san lokacin da na ce Alhamdulillahi da ƙarfi ba, har mai gadi ya leƙo.

To amma murna ta koma ciki wajen shiga shafin malamai. Shafin wani ƙunshi yake nema, php-mcrypt, shi kuma a EPEL yake, ma'ajiyar ƙarin manhajoji ta ƙungiyar Fedora, ba a wannan rumbun ba. Garin gaggawa na faɗa wani madubi, wato shafin da ke ɗauke da kwafin ma'ajiyar, da na tsinta a intanet, wanda jerin kayansa daban, abin da ke ciki daban. Sau uku yana yankewa, ga man janareto na ƙonewa, ga shugaban makaranta na kira: "Injiniya, yaya dai?" Sai bayan isha'i na gano ma'ajiyar Fedora ta asali, archives.fedoraproject.org.

Rumbun ya yi mini rana, ban musa ba. Amma kayan da ke ciki ba mai sake toshe musu kafar tsaro, shi ya sa na cire sabar daga intanet, ta tsaya iya kwamfutocin ofis. Na kai wa mai makaranta lissafin komawa AlmaLinux, wadda ke maye gurbin CentOS, ya ce a bari sai an karɓi kuɗin zango mai zuwa.