Monitor, Alabama ko Virginia: wane samfurin jirgin yaƙi ya cancanci kuɗinka?

Mai son haɗa samfurin jiragen ruwan yaƙin basasar Amurka, in na farkonsa ne, ya sayi Monitor. Wannan jirgi, wanda injiniya John Ericsson ya zana, ba shi da tarkace: shimfiɗaɗɗen bene da bai fi inci 18 sama da ruwa ba, sai ɗakin igwa mai juyawa, da igwa biyu masu bakin inci 11. Aikin duk yana wurin fenti da jeren ƙusoshi. Amma kafin ka biya, duba ɗakin matuƙi. A ranar 9 ga Maris 1862, da Monitor ya gwabza da Virginia, jirgin ɓangaren Kudu, a Hampton Roads, ɗakin ɗan akwati ne miƙaƙƙe. Gangaren ƙarfen da ke kewaye da shi bayan faɗan aka ƙara. Wasu samfuran suna cakuɗa biyun. In samfurin na rezin ne (wani ruwa da ake zubawa a mazubi ya daskare) kuma benen ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi, ka danne a kan gilashi har ya huce. Gam ɗin roba ba ya kama rezin, sai sufa gulu.

Alabama kyakkyawa ce, amma a sikelin 1:96, wato an rage girmanta sau 96, gangar jikinta kaɗai ta kai kusan santimita 70, kuma ɗaurin igiyoyinta zai cinye maka watanni. Tsohon samfurinta na kamfanin Revell ma da sassan Kearsarge aka yi shi, wato jirgin da ya nutsar da ita a gaɓar Cherbourg a 1864. Virginia kuwa rufin kwano ne kawai a kan ruwa.

Inda ake cutar mutane shi ne “tsarabar tarihi” da ake liƙa wa ciniki. Duk wanda ya ce yana da guntun ƙarfen da aka ciro daga ɓaraguzan Monitor, kama kuɗinka. Wurin da ya nutse, kusa da Cape Hatteras, yana ƙarƙashin kariyar gwamnati tun 1975, ɗakin igwar da aka ciro a 2002 kuma yana gidan tarihi a Newport News. Haka maɓallan rigar sojan ruwan Kudu: sababbi ake jiƙawa da asid, a binne, su yi kore. Nemi hoton bayan maɓallin, ka gwada tambarin maƙerin da na asali. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba shaida ba ce. Tsohon kwalin samfuri da aka riga aka buɗe kuma, sai an ƙirga maka sassan a bidiyo.