Mita, Sitika ko Garkuwar Ƙarfe: Me Ya Kamata a Saya Don Maganadisun Wutar Lantarki?

Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana haifar da maganadisu a kewayenta. A yawancin ƙasashe wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a Amurka da Kanada sau 60. Wannan maganadisun ne masu talla ke cewa yana lalata ƙwayoyin jiki har ya kashe su, sannan su miƙo maka maganin a leda. Kafin ka zaro kuɗi, ka san inda maganar ta samo asali.

A 1979 masu bincike Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka lura da alaƙa tsakanin sankarar yara da manyan layukan wuta a birnin Denver na Amurka. Nazarce-nazarcen da aka tattara a 2000 sun nuna haɗarin sankarar jini ya kusan ninka biyu ga yaran da matsakaicin maganadisun gidajensu ya haura maikrotesla 0.4 (ma'aunin ƙarfin maganadisu ke nan), kuma irin waɗannan gidaje ƙalilan ne. Da wannan hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa shi a rukunin 2B a 2002, wato mai yiwuwa ne, ba tabbas ba. A ɗakin gwaji kuwa labarin ya sha bamban. Wannan maganadisun ba shi da ƙarfin tsinka ƙwayar gado kamar hasken hoton ƙashi. Wasu gwaje-gwaje sun ga ƙarin gubar iskar oksijin a cikin ƙwaya, ko mutuwar da ƙwaya kan shirya wa kanta. Wasu ba su ga komai ba. Da yawansu ma an yi su ne da militesla, wanda ya ninka abin da ke ɗakin kwana sau dubbai. Iyakar da ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idar kariya daga irin wannan maganadisu, ta sa wa jama'a a 2010 ita ce maikrotesla 200.

To, a koma kasuwa.

Sitika da sarƙar wuya, ba sai an ja magana ba. Ɗan abin da ka liƙa a waya ko ka rataya a ƙirji ba ya tare maganadisun da ke ratsa bango. A Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta Holand ta gargaɗi mutane kan wasu kayan “kariya” da aka samu su da kansu suna fitar da tururin nukiliya. An gudu ba a tsira ba.

Fenti da yadin kariya suna aiki, amma a wani fagen daban. Suna rage igiyoyin rediyo da ƙarfin lantarki, maganadisun 50 ko 60 kuwa yana wuce su kamar babu. Abin da ke iya karkatar da shi shi ne ƙarfe na musamman mai yawan nikel, ko faranti mai kauri na alminiyom, kuma sai injiniya ya tsara. Ana yin haka a ɗakunan na'urori masu laushi ko kusa da taransifoma a cikin gini. Ga mai gida, wahalar da tsadar sun fi amfanin.

Mita ce kaɗai nake ganin ta cancanci kuɗinka, kuma a nan ne zaɓi yake. Mai auna fuska ɗaya, wato maganadisun da ke zuwa ta ɓangare ɗaya kawai, ta fi araha, sai dai dole ka riƙa juya ta har ka sami lamba mafi girma. In ka yi sakaci za ta nuna maka ƙasa da gaskiya. Mai auna fuska uku, irin su TriField TF2, tana haɗa lissafin da kanta, ko ya ka riƙe ta. Ka duba cewa iyakarta ta haɗa da 50 da 60, kuma tana iya nuna 0.1 na maikrotesla. Wasu suna rubuta miligaus: goma ne ke ba da maikrotesla ɗaya, kada lambar ta firgita ka. Mafi kyau ita ce mai adana karatu na awa 24, domin lambar 0.4 ɗin nan matsakaici ce ta tsawon lokaci, kuma wuta tana hawa da sauka da yadda unguwa ke jan ta. Irin wannan gara a ɗauko haya ko aro, aikin kwana ɗaya ne.

Manhajar waya fa? Abin da ke cikin wayar an yi shi ne don nuna arewa. Maganadisun duniya yake ji, mai maikrotesla 25 zuwa 65, wanda ba ya kaɗawa, don haka lambar da za ka gani ba ta amsa tambayarka.

Idan mitar ta zo, fara da gadon yara da inda ake daɗewa a zaune. Za ka ga lamba ta yi tsalle a jikin na'urar busar gashi ko tukunyar ɗumama abinci, ka ja baya taku biyu ta faɗi warwas. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007 ma matakai masu sauƙin kuɗi ta ba da shawara. Kai ma kana iya matsar da gado daga bangon da akwatin fiyus yake. In kuwa lambar ta ƙi sauka a ko'ina cikin gida alhali babu babban layi a kusa, sau da yawa kuskuren haɗa wayoyi ne, wuta na komawa ta bututun ruwa ko wayar ƙasa. Wannan aikin mai gyaran wuta ne.