Kafin ka sayi keken Japan na gwanjo, duba waɗannan

Jama'a masu tambayata wane keken Japan ya fi, gaskiya ba za ka ce ga ɗaya ba sai ka san aikin da zai yi maka. In zuwa aiki ne ko makaranta da ɗan cefane, to wanda su can suke kira mamachari ya ishe ka, shi ne mai kwando a gaba wanda ba shi da sandar tsakiya, ko da babbar riga ko zani za ka hau lafiya lau. Bridgestone, Miyata da Panasonic duk suna da ƙarko, in ka ga an rubuta National kar ka tsorata, tsohon sunan Panasonic ne.

Amma maganar kaya fa a nan mutane ke cutar kansu. Leƙa jikin kariyar baya, sau da yawa za ka ga an buga 18 ko 27, kilo ɗin da za ta iya ɗauka ke nan, kuma jarka ɗaya mai lita 25 in ta cika ruwa ta riga ta kai kilo 25, ka ga wanda zai ɗaura biyu kullum ai sifok ɗin baya za su dinga tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har wili ya karkace. Mai irin wannan aiki ya nemi na 'yan dako na Japan mai birkin sanda da kariya mai faɗi, yana da nauyi kuma samunsa da wuya, in bai samu ba wallahi gara Phoenix, kayan gyaransa ko a ƙauye akwai.

Sai taya. Yawancinsu 26 x 1 3/8 ne ko 27, kuma wannan 26 ɗin ba ɗaya ba ne da 26 na keken hawan dutse, ba za ta zauna a wilin ba ko ka kwana kana turawa. Tambayi mai faci na unguwarku ko yana da ita tun kafin ka biya.

Giya uku ta Shimano da ke cikin cibiyar wilin baya ina sonta sosai don ƙura ba ta shiga, sai dai ka hau ka canza dukansu uku ka ji, in tana tsallake bar shi. Mai bel maimakon sarka kuwa, irin Albelt na Bridgestone, ba ya ɓata wando amma ranar da ya tsinke ka shiga yawon nema.

Ka kifa keken ka duba ƙasan feda da wajen walda, in sabon fenti ne a wurin kaɗai, ka kankare da mukulli ka gani ko tsatsa aka rufe.