Wutar lantarki a Amurka: hanyar Texas ko ta Kalifoniya?

Texas da Kalifoniya su suka fi yawan jama'a a Amurka, amma a harkar wuta kowacce da alƙiblarta.

Kalifoniya ta bi ta doka. A 2018 ta zartar cewa nan da 2045 duk wutar da za a sayar a jihar sai ta fito daga makamashi mara hayaƙi. Niyyar ba laifi, sai dai talaka ke ɗaukar kayan: a kan kowane yunit na wuta, magidanci a can na biyan kusan ninki biyu na abin da na Texas ke biya. A zafin Agustan 2020 sai da aka riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa da yamma, rana ta faɗi, sola ta yi sanyi, na'urorin sanyaya ɗaki na ta ruri. A 2022 suka fasa rufe tashar nukiliya ta Diablo Canyon.

Texas kuwa ta sakar wa kasuwa mara. Ita ce gaba a haƙo mai da gas, kuma, abin da jaridu ba su cika faɗa ba, ita ce gaba a wutar iska. Nan na fi karkata. Amma Fabrairun 2021 na nan a raina: sanyi ya daskarar da rijiyoyi da bututun gas, miliyoyi suka kwana a duhu, mutum 246 suka rasu bisa ƙidayar jihar. Wasu masu sharhin ɓangarenmu na masu goyon bayan hanyar Texas suka ɗora wa farfelar iska laifi, alhali gas ne ya fi gazawa.