Sharhi kan gyaran birkin lantarki na tsohuwar Marsandina, bayan wata bakwai

Motata Marsandi ce, E240 ƙirar 2004, 'yar Kwatano, na saye ta a hannun wani a nan Kano shekara shida da suka wuce. Masu irinta sun san birkinta daban yake da na sauran motoci. SBC ake ce masa, da lantarki yake aiki. In ka taka, na'ura ce ke auna ƙarfin takun naka ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta saki man birkin da famfo ya riga ya matse ya tara a cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe, ta raba wa kowace taya daidai buƙatarta. Kamfanin Mercedes-Benz ya fara sa shi a ƙirar SL a 2001, ya sa wa E-Class daga 2002, a 2006 kuma ya mayar da E-Class kan birkin da aka saba. Ke nan duk irin tawa da ka gani a titi, birkinta ya tsufa ƙwarai.

Motar ba ta yi mini ba-zata ba, sai da ta yi gargaɗi. Wata safiya farin rubutu ya fito a allonta, yana cewa a kai birki gareji. Na kai ta wurin wani mai gyaran wayarin, ya jona 'yar na'urarsa, bai yi minti goma ba rubutun ya ɓace. Ya ce, "Alhaji, ba komai ba ne, ƙidaya ce ta cika, na goge." A lokacin ban san ma'anar maganar ba. Ashe famfon nan yana lissafin aikin da ya yi tun fitowarsa daga kamfani, in ya kai iyakar da aka ɗiba masa sai ya nemi a duba shi ko a canza. Shi mutumin lissafin ya mayar baya, famfon yana nan a gajiyensa.

Wata huɗu bayan haka, da la'asar sakaliya, na ɗauko 'yata daga Islamiyya muna kan titin Zariya wajen Na'ibawa. Allon ya rikiɗe ya yi jawur, ƙara ta cika motar. Na taka birki na ji ya tafi ƙasa fiye da yadda na saba, motar kuma ba ta ko rage gudu ba. Ga a daidaita sahu a gabana ya tsaya sauke fasinja. Na danne da iya ƙarfina, bayana ya manne da kujera, ina ta salati, sannan ta tsaya da kyar, tsakaninmu da shi bai fi kamu ɗaya ba. Yarinyar ta ce, "Baba, lafiya?" Na kasa ba ta amsa. Daga baya aka yi mini bayani: idan tsarin lantarkin ya ɗauke, motar tana komawa birkin ko-ta-kwana, wanda tayoyin gaba kaɗai yake kamawa, da ƙarfin ƙafarka zalla. Da mota aka ja ta daga wurin, ban yarda na sake tuƙa ta ba.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da garejin da nake wannan sharhi a kansa, gareji ne da ba sa taɓa komai sai motocin Jamus. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne maigidan wurin bai buɗe baki ya faɗi kuɗi ba sai da ya jona kwamfutar da aka yi domin Marsandi. Ya juyo mini da allon, ya nuna mini matsalolin da motar ta adana, ya kuma sa aka gwada batir biyun, babban da ke cikin but da ƙaramin da ke cikin bonet. Ni sai ranar na san ƙaramin ya mutu tuni, alhali shi ne mai tallafa wa birkin in babban ya gaza. Da na ba shi labarin goge ƙidaya, girgiza kai kawai ya yi, ya ce lambar C249F ce aka goge, wato lambar da ke nuna ƙidayar famfon ta cika, kuma duk mai wannan sana'a ya san abin da take nufi.

Hanya uku ya shimfiɗa mini. Sabon famfo daga waje, wanda kuɗinsa da na dako sun kusa rabin darajar motar. Ko ɗan Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Ladipo, mai sauƙin kuɗi, sai dai shi ma tsoho ne, babu mai iya ce maka ga sauran kwanansa. Ko kuma a kwance nawa a sabunta abin da ya ci: ƙaramin injin da ke juya famfon da kuma tukunyar da ke riƙe matsin. Na ce, "Malam, in taka ce wanne za ka yi?" Ya ce na ukun, da sharaɗin cikin famfon bai yi tsatsa ba, in ya buɗe ya ga tsatsa zai kira ni mu sake magana. Na zaɓi na ukun.

Akwai abin da na gani da idona da ya sa na yarda da su. Da za a cire fad ɗin birki, maigidan ya fara kashe tsarin da kwamfuta, sannan ya karɓi makullin ya jefa aljihunsa, ya ja wa yaran kunne kada wanda ya taɓa ƙofa. Dalili kuwa, wannan birki yana farkawa da kansa da zarar an buɗe ƙofa, famfon ya tashi ya matse, kuma in yatsan yaro na ciki a lokacin, sai dai a yi haƙuri. Gareji nawa na kai motar nan a baya, ban taɓa ganin an yi haka ba. Da suka gama, ya zuba mini tsofaffin kayan a leda. Gawayin cikin ƙaramin injin famfon ya cinye saura ɗan ƙiris, man birkin da suka zuƙe kuma baƙi ƙirin kamar ruwan shayi da ya kwana. Ka'idarsa a canza shi duk shekara biyu, domin yana shan danshi. Fitar da iska ma da kwamfuta suka yi, taya bayan taya, ya ci musu fiye da awa ɗaya.

Inda suka ɓata mini rai shi ne alkawari. Kwana biyu aka ce mini, sai da motar ta kwana takwas, kuma babu wanda ya kira ya ce ga dalili, kullum ni ke bin su. Garantin wata shida da baki aka ba ni, sai da na dage kafin a rubuta a rasit. Wurin zaman jira kuma benci ne guda a rana. Aikin da ya shafi ran mutum ya cancanci a riƙa rubuta komai ba sai an roƙa ba, na kuma faɗa wa maigidan haka a gabansa.

Yau wata bakwai. Na je Kaduna sau uku, Katsina sau ɗaya, na sha cunkoson Kantin Kwari ba adadi, allon bai sake nuna komai ba. In na buɗe ƙofa da safe, kukan famfon gajere ne, ba irin dogon nishin da yake yi a da ba. Abin da na fi so a motar ma ya dawo: in na tsaya a danja na ƙara danna birkin, sai ta riƙe kanta in ɗauke ƙafa har sai na taka totur.

Mai irin wannan mota da ya tambaye ni, zan tura shi wurinsu, in ce ya ƙara mako guda a kan ranar da suka ba shi, ya kuma karɓi rasit. In kuwa farin rubutun ne ya fito masa, kada ya bari kowa ya goge kafin a buɗe famfon a gani.