Cousins da Barkley: ciniki biyu a rana ɗaya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na zauna a natse, domin ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Cewa ka yi, a gasar NFL ta ƙwallon Amurka, irin wadda ake ɗauka a hannu a jefa, yaya aka yi Kirk Cousins da ya ƙare kakar 2024 a benci ya sami kwantiragin dala miliyan 180, Saquon Barkley kuwa da ya ɗauko kofi aka ba shi abin da bai kai miliyan 38 ba? Sannan ka ce a cikin kulob ɗin biyu wa ya yi cinikin hankali.

Misalinka ya dace, don rana ɗaya aka ƙulla cinikin nan biyu, Litinin 11 ga Maris 2024. A gasar NFL ta Amurka ana gama kaka a Fabrairu, sai a tsakiyar Maris a buɗe sabuwar shekarar gasa, kuma saura kwana biyu a buɗe ake ba wakilan 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare izinin zama da kowane kulob. A ranar farko ta wannan dama Cousins ya amince ya bar Vikings ta Minesota zuwa Falcons ta Atlanta, Barkley kuma ya bar Giants ta Niyok zuwa Eagles ta Filadelfiya.

Mu da muka saba da Firimiya sai mun ɗan sauke wani tunani kafin mu fahimci kasuwar nan. Ba a biya Vikings ko Giants ko kwabo ba, don babu kuɗin sayen ɗan wasa. Abin da ke ɗaure kowa shi ne iyakar albashi: a 2024 kowane ɗaya daga cikin kulob 32 bai da ikon wuce dala miliyan 255.4, kuma a cikin wannan tukunya 'yan wasa 53 za su ci. Duk lomar da ka ƙara wa mutum ɗaya, daga kwanon wani ka ɗebo ta. Komai arzikin mai kulob, bai isa ya zuba kuɗi yadda ya ga dama ba.

To ga su kafaɗa da kafaɗa. Cousins, shekara 4, miliyan 180, wato miliyan 45 kowace shekara, da garantin miliyan 100. Barkley, shekara 3, miliyan 37.75, kusan miliyan 12 da rabi a shekara, da garantin miliyan 26. Kuɗin sa hannu kaɗai da aka ba Cousins, miliyan 50, ya fi kwantiragin Barkley gaba ɗayansa. A lokacin shekarar Cousins 35, kuma wata huɗu da 'yan kwanaki ke nan da tsinkewar agararsa a wasansu da Packers ranar 29 ga Oktoba 2023. Barkley yana 27, yana kan ƙafafunsa, sai dai shi ma an taɓa yi masa aiki a gwiwa a 2020.

A nan nake so ka tsaya, domin adadin da jaridu ke bugawa da manyan haruffa shi ke ruɗa mutane. A ƙwallon Turai idan ka sa hannu a shekara huɗu, kulob na bin ka wasa, kai kana bin sa albashin shekara huɗu ko da a benci kake. A NFL kulob na iya sallamar ɗan wasa duk ranar da ya so, kuma abin da ke cikin garanti kawai zai biya. Saboda haka 'yan wasan can da wakilansu ba sa fara tambaya da "nawa ne gaba ɗaya", sai dai "nawa ne garanti". Ka duba na Cousins: miliyan 50 na sa hannu, albashin 2024 miliyan 12.5, na 2025 miliyan 27.5. Ka tara, miliyan 90 ke nan da suka zama nasa tun ranar da ya ajiye biro. Sauran miliyan 10 an yi sharaɗin za su tabbata idan har yana cikin kulob ɗin a tsakiyar Maris 2025. Ragowar miliyan 80 kuwa alkawari ne a takarda, Falcons na iya juya masa baya ba tare da ta saɓa doka ba. In ka kalle shi da idon 'yan ciki, kwantiragin shekara biyu ne na miliyan 100, aka yi masa jela don ya yi kyan gani. Na Barkley ma haka, shekara biyun farko ne ke da tushe, ta ukun tana hannun kulob.

Duk da haka 100 da 26 ba kusa suke ba, kuma dalilin ratar shi ne gurbin da kowannensu ke bugawa. Cousins kwatabak ne, mai jefa ƙwallo, wanda kusan kowane hari daga hannunsa yake tashi. Waɗanda suka iya aikin nan da kyau ba su kai yawan kulob-kulob ɗin ba, shi ya sa ko matsakaici a cikinsu idan ya fito kasuwa sai an yi rububinsa. Barkley mai gudu da ƙwallo ne, shi ake miƙa wa ita ya kutsa cikin ƙarti. Kowace shekara jami'o'i na fitar da irinsu da yawa, matasa masu araha, kuma masu kulob sun yi imani cewa jikin mai wannan aiki kan fara sanyi tun kafin ya kai 30. Akwai ma'auni a fili. Idan kulob ba ya so ɗan wasansa ya fita kasuwa, yana da damar manna masa abin da zan kira tambarin riƙewa, ya tsare shi shekara ɗaya a kan farashin da aka yanke wa gurbinsa. A 2023 farashin tambarin kwatabak ya haura miliyan 32, na mai gudu da ƙwallo miliyan 10 da 'yan kai.

Su biyun duk sun sha wannan tambari, amma ga yadda ya bambanta a kansu. Cousins a zagaye na huɗu na zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, wanda kulob-kulob ke yi bi da bi kowace shekara, Washinton ta zaɓe shi a 2012, a matsayin mai jiran ko-ta-kwana a bayan Robert Griffin III. Da ya karɓi gurbin, sau biyu a jere aka manna masa tambari, 2016 da 2017, ya kwashi kusan miliyan 44 a shekara biyun. Bai yi gaggawar sa hannu a dogon kwantiragin da bai gamsar da shi ba, ya jira har ƙofa ta buɗe, a 2018 Vikings ta ba shi miliyan 84 na shekara 3, kowace dala da garanti, abin da ba a saba gani ba. Mutumin ya san kasuwa, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Barkley kuwa shi ne na biyu a zaɓen 2018 gaba ɗaya, daga jami'ar Penn State. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa, albashin sabon shiga a ƙayyade yake, ba ciniki. Ya yi shekara huɗu a haka, kulob ya yi amfani da damarsa ta ƙara ta biyar, sannan a ta shida aka sa masa tambari. A watan Maris ɗin 2023 ɗin ne Giants ta ba kwatabak ɗinta Daniel Jones miliyan 160 na shekara 4, shi kuwa Barkley da ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa zuwa wasannin fitar gwani aka tsare shi a kan miliyan 10. Wannan wuri yana ci mini rai. Kwatabak na iya jira, domin yana ɗan 35 ma ana neman sa. Mai gudu da ƙwallo shekarun da jikinsa ke da ƙarfi su ne daidai shekarun da doka ta hana shi yin ciniki, kafin a sake shi ya je kasuwa sai a ce masa ai ka tsufa. Shekara shida Barkley yana shan karo kafin ya sami ranar da zai ce ga farashina.

Sai abin da ya faru a fili. Kada mu zalunci Cousins, ya fara da kyau. Na tuna daren 3 ga Oktoba 2024, wasansu da Buccaneers, a nan gida ƙarfe ɗaya na dare ta wuce kafin a take. Na zauna da waya a hannu, murya a ƙasa don kada in tashi mutanen gida, ina kallon mutumin nan yana jefa ƙwallo kamar bai taɓa jin ciwo ba. Yadi 509 ya jefa (da yadi ake auna nisan da aka ci gaba da ƙwallo a fili), babu wanda ya taɓa yin haka a tarihin Falcons, suka ci 36 da 30 a ƙarin lokaci. Bayan wasa tara sun ci shida. Daga nan abu ya lalace. A wasanni biyar na ƙarshe da ya fara, sau ɗaya tak ya jefa ƙwallon da ta ci, sau tara abokan hamayya suka cafe ta. Kana ganinsa a tsaye wuri ɗaya, ba ya iya zillewa idan an taso masa. A tsakiyar Disamba aka ajiye shi a benci. Falcons ta ƙare da nasara 8, rashin nasara 9, ba ta shiga wasannin fitar gwani ba.

Barkley kuwa, wanda ya kalli wasansu da Jaguars ranar 3 ga Nuwamba ba zai manta ba. Ya karɓi ƙwallo, ya kauce wa na farko, ya juya ya bar na biyu, sai ga shi ya ba na uku baya, a haka ya daka tsalle da baya ya haye kansa. Na maimaita kallon wurin ban san sau nawa ba. Ya ƙare kaka da yadi 2,005 a wasa 16, mutum na tara da ya taɓa kai 2,000. Saura yadi 101 ya wuce tarihin Eric Dickerson na 1984, kulob ya hutar da shi a wasan ƙarshe don a tanadi jikinsa. In aka haɗa da wasannin fitar gwani yadi 2,504 ya yi, wanda ba a taɓa yi ba. Ranar 9 ga Fabrairu 2025, ranar da ya cika shekara 28, Eagles ta doke Chiefs 40 da 22 ta ɗauki Super Bowl, wato kofin gasar. Giants da ta sake shi wasa 3 kawai ta ci, kuma tun a Nuwamba ta sallami Daniel Jones.

Akwai abin da ya kamata a faɗa don adalci. Barkley ɗin da ya yi yadi 962 a wasa 14 a shekararsa ta ƙarshe a Giants shi ne dai wannan, jikin bai canza ba. Abin da ya canza shi ne masu share masa hanya: Lane Johnson, Jordan Mailata, Landon Dickerson da sauransu. Howie Roseman, babban manajan Eagles, ya sayi abin da gidansa ke da wurin ajiyewa. Da wani kulob mai raunin gaba ne ya biya wannan kuɗi, da wataƙila yau ana cewa asara ya yi.

Game da wa ya yi cinikin hankali, ta fuskar kulob babu ja, Eagles ce. Amma ni a ganina kuskuren Falcons bai tsaya a farashi ba, domin miliyan 45 a shekara shi ne kuɗin kwatabak a kasuwar lokacin. Babban kuskuren ya zo bayan mako shida, a zaɓen watan Afrilu, da suka ɗauki wani kwatabak, Michael Penix Jr., a lamba ta 8. Idan ka ba ɗan shekara 35 garantin miliyan 100, ka ce yanzu kake son kofi, to zaɓinka mafi tsada ya kamata ya tafi ga wanda zai taimake shi yau. Idan kuma gobe kake gina wa, me ya kai ka ɗaure kanka da miliyan 100? Sun jefi tsuntsu biyu, dutsen ya bi ta tsakani. Ka duba Vikings da ya baro: sun ɗauki Sam Darnold shekara ɗaya a kan miliyan 10, suka ci wasa 14. Ƙari a kan haka, hukumar gasa ta binciki cinikin nan biyu kan zargin tuntuɓar ɗan wasa kafin lokaci. An wanke Eagles, Falcons kuwa aka ci ta tarar dala 250,000, aka kuma ƙwace mata zaɓi ɗaya na zagaye na biyar a 2025.

Ta fuskar ɗan wasa kuwa lissafin ya juye, Cousins ne ya yi nasara. Za ka ce to me ya hana su kore shi tunda ya koma benci? Kuɗin sa hannu ne ya riƙe su. Ana biyansa nan take, amma a littafin iyakar albashi ana raba shi a kan shekarun kwantiragi, nasa miliyan 12.5 sau huɗu. Ranar da aka sallami mutum, ragowar da ba a rubuta ba sai ta faɗo wa kulob. Da sun kore shi bayan kaka ɗaya, miliyan 37.5 na wannan da albashin miliyan 27.5 na 2025 za su hau kansu, miliyan 65 a kan wanda ba ya tare da su. Musaya da wani kulob ma sai da yardarsa, don ya sa wannan sharaɗi a takarda. Haka suka riƙe shi har tsakiyar Maris 2025 ta wuce, miliyan 10 ɗin nan ma suka tabbata.

A farkon Maris ɗin 2025 dai Eagles ta kira Barkley, alhali saura shekara biyu a kwantiraginsa, ta ƙara masa wasu biyu a kan miliyan 41.2, da garantin miliyan 36. Shi ne mai gudu da ƙwallo na farko da ya haura miliyan 20 a shekara, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Duk da wannan ƙari, bai kai rabin miliyan 45 ɗin Cousins ba.