Na koma Raspberry Pi Pico, ga abin da na gani

Duk mai wasa da ƙananan na'urori a Legas ya san yadda ATmega328P, ƙwaƙwalwar da ke cikin Arduino Uno (ƙaramin bod da ake ɗora wa firogiram don ya sarrafa kayan lantarki), ta yi wuya a lokacin ƙarancin irin waɗannan ƙwaƙwalen a duniya a 2021. Da aka saki Naira a Yunin 2023 kuma, sai kuɗin ya ƙara tashi. Ka je Computer Village a Ikeja ko Alaba, kaya na nan, amma tabbatar da na asali ne shi ne aikin. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da bod ɗin STM32, wani irin ƙaramin bod kamar Uno, wanda ƙwaƙwalwarsa ta wani kamfani ce daban, an goge suna an sake bugawa. Da na koma, cewa ya yi, "Malam, ai duk ɗaya ne." Ba ɗaya ba ne, don manhajar ɗora firogiram ta ƙi karɓarsa.

Shi ya sa na gwada Pico, ƙaramin bod mai ɗauke da ƙwaƙwalwar RP2040, wanda kamfanin Raspberry Pi na Ingila ya fitar a Janairun 2021 kan dala 4. Aikin da na sa shi ƙarami ne: ya auna ruwan tankin gidanmu a Agege, ya kashe famfon bohol in ya cika, don kada ruwa ya riƙa kwarara kan rufin maƙwabta.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗora firogiram. Ka danne maɓallin BOOTSEL, ka jona USB, sai ya fito a kwamfuta kamar filas, ka jefa fayil ciki, shi ke nan. Ba sai ka nemi wata na'ura ba. Ga ƙwaƙwalwa biyu masu gudu har 133 MHz da RAM (ma'ajiyar wucin gadi) 264 KB, alhali Uno 16 MHz ne da 2 KB. Wanda ya saba ƙirga kowane bayit a Uno zai ji kamar ya bar ɗaki ɗaya ya koma gida mai tsakar gida. Takardun bayaninsa ma a fili suke, kuma MicroPython, yaren rubuta firogiram mai sauƙi, na tafiya lafiya. Ƙanena da bai iya yaren firogiram na C ba shi ya rubuta rabin aikin.

Inda gizo ke saƙar shi ne wuta. Pico volt 3.3 yake ɗauka a ƙafafunsa, kayan da suka cika kasuwarmu kuwa na Arduino ne, volt 5. Ma'aunin nisa HC-SR04 sai da na sa masa resista biyu kafin na jona, wasu rile (makunnin da ke kunna famfo da kashe shi) ma ba sa tashi sai da taransista. Pico na farkon kuma ba shi da Wi-Fi. Mai son ya riƙa duba tanki ta waya ya nemi Pico W ko ESP32.

Akwai wata ƙwaƙwalwar, CH32V003 ta kamfanin WCH, mai arhar gaske, amma sai ka sayi WCH-LinkE, na'urar ɗora mata firogiram, kuma wurin ajiye firogiram ɗinta na 16 KB ba ya kai ka nesa. Wannan na bar wa masu ƙera kaya da yawa.